Illa Mai Akwati da Hoton Tagumi

A Adar, in ka ga namiji ya isa aure bai taɓa ganin teku ba, to ko gurgu ne ko liman. Da an ɗaure damin gero na ƙarshe ƙafar maza sai ta fara ƙaiƙayi, a cika kamiyo, babbar motar kaya, har bisa, a nufi Abijan biɗar kuɗi, a bar gari ga mata da tsofaffi da awaki. Illa na Kalfu ma haka ya taso ya tarar, haka kuma ya yi. Ya yi dako a bakin jirgin ruwa, ya yi tallan turare da kwado a faranti, har wata rana ruwan sama ya kora shi ƙarƙashin rumfar wani Bayarabe mai ɗaukar hoto. Ya fake na ɗan lokaci, sai ga shi ya shekara biyu a wurin. Nan ya koyi wanke hoto, ya koyi zaunar da mutum, ya kuma koyi surutu.

Tsakanin tafiya da tafiya aka ɗaura masa aure da Safi, 'yar unguwarsu, mace mai kaifin ido da tsumin magana. Daga can ya taɓa aiko mata da hotonsa, ya ari kwat da karabat, ɗamarar wuya ta Turawa, na maigidansa, ya sha kyau har shi kansa bai gane kansa ba. Da ya dawo ya duba bangon ɗakin bai ga hoton ba. Ya tambaya, ta ce yana ƙasan kwalla, gudun gara. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma bai ja maganar ba, don akwai abin da ya fi wannan ciwo a ranar. 'Yarsu Ladi, wadda aka haifa yana can, da ta gan shi sai ta ruga bayan uwarta tana ihu wai baƙo ya shigo gida. Ya miƙa mata alewa ta ƙi, ya yi mata wasa ta ƙara ƙarfin kuka. Illa ya zauna bakin rumbu, tsarabarsa a gabansa, ya rantse a ransa shi da kamiyon kudu har abada.

Rantsuwa kuwa ba ta cika tukunya. Abin da ya dogara da shi akwati ne da ya ɗauko tun daga Abijan a kan cinyarsa, akwatin katako mai ƙafa uku da ido guda, da baƙin ƙyalle a bayansa. Ya kwashi iyalinsa suka koma Tawa, ya kafa akwatin gindin wani dogon yaro kusa da kasuwa, ya rataya labule mai zanen bene da jirgin sama, ya ajiye kujera da bokitin ruwa. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, takardu sun yi yawa, duk mai son ƙetare iyaka sai ya yi karta dantite, wato katin shaida, ita kuwa karta sai da hoto. Daga biro, ofishin hukuma, ake turo masa mutane. Da wannan ake cin tuwo, amma fa ba kullum da miya mai kyau ba. Ya kuma sani sarai, ranar da wani babba ya ɗaure masa fuska a biro, ranar akwatin ya zama itacen wuta.

In kana son dariya ka zo ranar Lahadi, ranar kasuwa, ka ga yadda Adarawa ke zama gaban akwati. Mutum zai sandare a kujera, ya kafa hannuwa bisa gwiwa, ya baje yatsu goma don a shaida ba wanda ya ɓace, ya zare ido sai ka ce an kawo shi gaban alƙali. Buzaye kuma ciniki ake yi da su kafin su sauke rawani daga ido zuwa karan hanci, baki kam ko kusa. Illa ya shiga ƙyallensa ya fito, ya gyara wannan kafaɗa, ya karkata wancan kai, yana faɗa.

"Ku saki jiki, bayin Allah! Ba harbi za ni yi ba. A Abijan mutum na zama kamar yana gidansu."

A Abijan, a Abijan. Mutanen kasuwa sun ji kalmar nan har ta ishe su. Mai tsire da ke kusa da shi ma in ya ga hadari ya taso sai ya ce, "Illa, a Abijan ta wace kusurwa ruwa ka sauka?" Illa bai damu ba. Yana da ilminsa, yana kuma son a san yana da shi. Ya ce hoto yana riga mutum magana. Dubi hotunan kumandan na zamanin Nasara, in ji shi, ƙirji a gaba, ido yana kallon bisa kanka, shi ya sa talaka ke cire takalmi tun daga ƙofar biro ko da mai biron ba ya nan. Wanda ya kafe ka da ido a hoto, mai karɓar haraji ne. Wanda ya washe haƙora, ba a ba shi amanar ko akuya. Gaskiya ne yawancin abin da yake faɗa, illa dai mai ilmin da bai cika ba ya fi jahili saurin faɗawa rami.

Daminar shekarar da za a sake zaɓen 'yan majalisa ta zo da tsanani a gidansa. Maza duk suna gona, ba mai tafiya balle ya nemi karta, akwatin ya wuni yana kallon rana. 'Yan'uwansa na Kalfu suka aiko masa cewa in kaka ta yi sun kama masa wuri a kamiyo. Bai ce i ba, bai kuma iya cewa a'a ba. Safi ta ji saƙon, ta ci gaba da dakanta, sai dai taɓaryar ta fi ƙarfi. Ladi kuwa yanzu ba ta cin abinci sai a kwanonsa.

Ana cikin haka sai ga Mushe Attahir tsaye gindin dogon yaro.

Mushe Attahir ɗan Barmu ne, Mushe kuwa laƙabi ne na Faransanci da ake ba 'yan boko. Tun yana ƙarami aka ɗauke shi ala tilas aka sa shi lakwal, makarantar boko, ya yi ta wucewa gaba har wata makaranta mai nisa a Senegal, ya dawo malamin makaranta mai tabarau da wando. Hausar ma ta yi masa tauri a baki, in zai yi magana sai ya tsaya yana lalubenta. Mutumin kirki ne, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba, amma tsoronsa ake ji. Daga nesa ake gaishe shi a wuce. Zaurensa ya rasa baƙi har awakin maƙwabta sun mai da shi wurin hutun rana. Shi jam'iyya ta sa a jerin waɗanda za su zama depite, wato 'yan majalisa, aka ce kowa ya kawo hotonsa a buga a Yamai, a manna a ƙauyuka don jama'a su san fuskar wakilinsu.

Illa ya ga abin da ya daɗe yana roƙo ya zo har inda yake. Ya share kujera da hannun rigarsa.

"Ranka shi daɗe, in ka yarda da ni, kwat ɗin ga a aje ta. Da ita kama da mai haraji kaka yi. Babbar riga da hula, shi na daidai."

Mushe ya aika gida aka kawo riga. Illa ya naɗe labulen bene da jirgi, ya ce wannan na samari ne. Ya aro ɗan tebur wurin mai shayi, ya ɗora littafi a kai. Ya zaunar da Mushe a karkace, ya ce kada ya dubi akwati, ya dubi ƙasa can gefe. Ya ja baya ya duba, ya ga da saura. Sai ya kama hannun Mushe na dama, ya kafa gwiwar hannun a tebur, ya kwantar masa da kunci a tafin.

"Haka manyan masu tunani ka zama. Wanda duk yag ga hoton ga, shi san kai na aiki."

Mushe ya gyaɗa kai. Ya sha ganin irin zaman nan a littattafan Faransa, marubuta da masana duk haka suke. Ga mutum biyu 'yan Adar, haihuwar Adar, tsakiyar kasuwar Tawa da rana tsaka, ɗaya ya sa ɗaya tagumi, ba wanda ya lura a cikinsu. Abin da daɗewa a waje ke yi wa mutum ke nan.

Akwatin Illa ba ya sauri. Sai an cire murfin idon, mutum ya daskare kamar ya ja numfashi ya riƙe, sannan a mayar. A cikin wannan ɗan shirun ko ina hankalin Mushe ya tafi, Allah ne masani. Da aka wanke hoton, aka juya shi baƙi ya koma fari, sai ga fuska ta fito a sanyaye, ido ya yi laushi bayan tabarau. Illa bai taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba. Ya wanke wa kansa guda, ya kai gida ya shanya a igiya, bakinsa har kunne.

Safi ta fito da tsintsiya, ta kai ido, ta tsaya cik.

"Subhanallahi! Wa yar rasu?"

Kafin ya amsa har ta kai yatsa kan takardar tana ture hannun Mushe daga kuncinsa. Ba da niyya ta yi ba. Kowace uwa a ƙasar nan haka take, in ta ga tagumi sai ta sauke hannun tukuna kana ta tambayi dalili.

Illa ya ƙyalƙyale da dariya. "Ke, kar ki ɓata min aiki. Wanga ba tagumi na ba, tunani na. A Abijan..."

Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta dube shi, ta haɗiye.

"To, Mai Akwati. Allah shi sa alheri na."

Hoto ya tafi Yamai ya dawo da girma, ya yi faɗin faifai biyu. Aka bi Barmu da Tebaram da Kalfu da ƙauyukan tsakani ana mannawa a ƙofar maigari da bangon rumfunan kasuwa, jere da na sauran 'yan takara, waɗanda duk suka kafe jama'a da ido cikin kwat. Illa ya canza tafiya. Har hula ya karkata.

Ranar wata Lahadi mutanen Kalfu suka shigo kasuwa, suka biyo ta gindin dogon yaro. Aka gaisa, aka tambayi gona, sai babbansu ya rage murya.

"Illa, kai da kaka birni, wa yar rasu gidan Mushe? Mun ga takarda."

"Wace takarda?"

"Wagga da anka liƙa, mutum ya buga tagumi. Ai ba a yi ma babban mutum hoto haka a kai ƙauye banza. Mun ce sanarwa ta."

Illa ya sallame su, ya koma bakin akwati. Kafin azahar labari ya yi ta zuwa masa ta kowace kusurwa. A Barmu an ce matar Mushe ce ta cika. A wani ƙauye an ce ya ga labarin zuwan fara a takardun gwamnati ne, yana tausayin talakawa ya kasa faɗa. A Tebaram wata tsohuwa ta yi ta kankare hannun da farce tana son ta sauke shi, har ta huda takardar. Mai tsire ya leƙo ya ce, "Illa, a Abijan haka aka sanar da mutuwa?" Illa ya juya baya ya shiga goge idon akwati.

Da la'asar sakaliya gardi, dogarin hukuma, ya zo ya ce Mushe na kiransa, kuma ya ba shi shawara kada ya tsaya jan ƙafa, don tun safe mutumin ke tafasa. Illa ya rufe akwati, ya biya ta gida. Ya tarar da Ladi tana wasan ƙasa, ta taso ta rungume masa ƙafa. Ya ce wa Safi, ba tare da ya dube ta ba, ta fito masa da jakar tafiyarsa ta kakkaɓe, da alama za a buƙace ta bana. Tsoron Mushe bai kai masa tsoron ranar da zai dawo yarinyar nan ta sake ce masa baƙo ba.

Safi ta ce, "Tahi ka ji kiran tukuna. Jaka ba ta gudu."

Tun daga kan kwana ya ga abin da bai taɓa gani a ƙofar gidan nan ba. Jakuna a ɗaure, raƙuma biyu a gurfane, takalma sun yi tsibi a bakin zaure. Awakin maƙwabta na tsaye a waje suna kallo, an ƙwace musu wuri. Ciki ya cika maƙil da tsofaffi, kowa ya naɗe ƙafa ya sunkuyar da kai. Wani ya kawo gero, wani goro, wani ya jawo ɗan akuya. Mushe na tsaye a tsakiya, zufa ta jiƙa masa riga, yana maimaita abin da ya wuni yana faɗa.

"Jama'a, na gode, amma ba wanda ya rasu. Iyalina lafiya lau. Hoto ne kawai."

Tsofaffin suka gyaɗa kai cikin tausayi. Wani ya ce, "Allahu akbar. Kun ga namiji, har ɓoyewa shika yi. Allah shi ƙara hanƙuri, Mushe." Zaure ya amsa da amin.

Nan idon Mushe ya faɗa kan Illa, wanda ya tsuguna wajen takalma yana neman ƙasa ta tsage.

"Kai! Ka ga aikinka? Har Yamai za a yi dariyata. Depite mai tagumi! Gobe in na sake ganin akwatin nan a kasuwa..."

Bai ƙarasa ba. Gajiya ta ci ƙarfinsa, ya zube kan kujera, ya cire hula ya ajiye a cinya. Kuma, ikon Allah, bai san lokacin da hannunsa ya tashi ya tallafe kuncinsa ba. Ga hoton nan a zaune da ransa, gaban kowa.

Sai aka ji sanda tana ƙwanƙwasa ƙasa. Wata tsohuwa ce ta ratso maza ba ko sallamar neman hanya, ƙafafunta fari fat da ƙurar tafiya. Kaltumi sunanta, daga Barmu, ta tsufa har ta wuce jin kunyar kowa. Ta isa gaban Mushe, ta kama hannun ta sauke masa shi kan gwiwa, ta riƙe.

"Attahir ɗan Hawa, sauke."

Rabon da a kira shi da wannan suna tun yana yawo ba wando. Ya ɗaga kai.

"Inna, wallahi ba wanda ya..."

"Na sani. Su waɗanga ba su san wa yar rasu ba, ni na sani. Hawa ta. Ni da ita munka yi daka turmi guda. Da tac cika kana can lakwal bayan duniya. Munka yi mata sutura, munka yi zaman makoki, ba ɗa a zaure da za a ce ma sannu. Da kad dawo kuma, munka gan ka da wando da gilashi, kana magana ta hanci, munka ji tsoro. Munka ce wanga ya zama Nasara, ƙila su ba a yi musu gaisuwa." Ta ja numfashi. "Sai nag ga takardar ga a ƙohwar maigari. Nac ce ashe yaron ga abin na nan cikin ranshi, mu munka bar shi da shi shi kaɗai. Shi na nat taho. Ya hanƙuri, ɗana? Allah shi jiƙan Hawa."

Mushe Attahir ya cire tabarau, ya rasa inda zai ajiye, ya riƙe a hannu. Shekaru nawa yana ɗauke da mutuwar nan, ba wanda ya taɓa ce masa ya haƙuri, shi ma bai san yana jira ba. Ya amsa da muryar da ba ta lakwal ba, "Hanƙuri sai Ma'aiki, Inna." Sai hawaye. Bai ɓoye ba, bai kuma tashi ba. Wani dattijo ya ɗaga hannu aka yi wa Hawa addu'a, aka shafa, kuma wannan karon da aka ce Allah shi ba da hanƙuri, Mushe ya ce amin.

Illa a wajen takalma shi ma ya share ido da hular da ya karkata da safe.

Wani mutumin Tebaram ne ya warware zaman. Ya yi gyaran murya ya ce, shi fa a gafarce shi, su a can sun ɗauka rijiyarsu da ta rufta ce ta sa Mushe tagumi, har sun ce yau ga na sama guda da ya damu da su. Dariya ta fashe, har da Mushe, hawaye bai bushe ba. Ya ce wace rijiya? Yaushe ta rufta? Ina mata ke ɗebo ruwa yanzu? Ya jawo kujerarsa kusa, daga baya ma ya ture ta ya sauko kan tabarma. Hausar da ta yi masa tauri ta fara sakin jiki, Adarancin Barmu tsantsa yana fitowa har tsofaffi na taɓa juna. Aka dama fura, aka yanka ɗan akuyan da aka kawo don makoki, gidan ya koma kamar na suna.

Can Mushe ya waiwaya. "Mai akwati, kana nan?"

"Ina nan, ranka shi daɗe."

"Hoton ga naka, ƙarya yay yi ko gaskiya?"

Illa ya sosa ƙeya. "Akwati ba ya ƙarya, ranka shi daɗe. Ni dai na ban san abin da naɗ ɗauka ba."

"To ruga ka ɗauko shi tun rana ba ta hwaɗi ba."

Illa bai taɓa sanin yana da gudu irin na ranar ba. Aka jera a ƙofar gida, Mushe a tsakiya, Kaltumi a damansa ta riƙe masa hannu gam, wai kada ya sake. Kowa ya kafa hannu bisa gwiwa, ya baje yatsu goma, ya zare ido. Illa ya leƙa cikin ƙyalle ya gan su haka, maganar Abijan ta zo masa har baki, ya mayar da ita. Ya cire murfi.

Bayan zaɓe zauren Mushe bai sake zama na awaki ba. Shi kuwa gindin dogon yaro sai ga layi. Akawuna, 'yan kasuwa, masu neman sarautar ƙauye, kowa ya zo wai a yi masa irin na depite. Illa ya yi wa wasu, amma abin bai karɓe su ba. Wani attajiri mai kumatu ya manna nasa a ƙofar kanti, mutane suka yi ta yi masa sannu da ciwon haƙori, har da mai kawo masa kanumfari. Daga nan Illa ya ɗauki wata al'ada da ya riƙe har tsufansa. Kafin ya taɓa kafaɗar mutum sai ya tambaye shi, wa zai ga hoton nan? In uwa ce, zama daban. In budurwa ce, daban. In biro ne, to a zare ido, su haka suke so.

Kaka ta yi, kamiyon kudu ya tsaya a tasha. Illa ya wuni yana ɗaukar samarin da za su hau, 'yan'uwansa na Kalfu a ciki. Ya ce su ba wani wurinsa. Da rana ta yi sanyi ya saɓo akwati ya dawo gida, ya tarar da Safi zaune a tsakar gida, ta sauke kwallayenta, tsohon hotonsa na Abijan a tafin hannunta. Ta miƙa masa. Ya karɓa yana murmushi, sai murmushin ya tsaya. Ga shi nan cikin kwat da karabat na aro, kunci a tafin hannu.

"Damana guda ina kuka bisa hoton ga," in ji Safi. "Nac ce mutumin ga wahala ta ci shi, ya rasa mai rubuta mai takarda, shi na ya aiko min haka in gane. Ko lalle ban ƙumsa ba shekaran nan. In na tura hannun, ba ya sauka. Sai nak kihe shi ƙasan kwalla."

"Ke! Ranar nan shinkahwa da kihi nac ci. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba!"

"To wa zai gaya min?"

Suka dubi juna, dariya ta kama su har Ladi ta fito tana tambayar me aka yi. Illa na dariya, amma tausayin matar nan ya cika masa ciki, da kunyar dariyar da ya yi mata a gaban igiya.

Safi ta ce tana son wani, wanda za ta rataya. Ya ce to wa zai ɗauka? Ta ce hannunta ba a ɗaure yake ba. Ya kafa akwatin gaban rumbu, ya daidaita komai, ya nuna mata yadda za ta cire murfi ta ja numfashi ta mayar. Ya zauna a turmi, ya ɗora Ladi a cinya. Safi ta leƙa cikin ƙyalle. Can daga tasha aka ji kamiyo ya yi oda, ya tayar da inji. Illa ya kasa kunne, yana tuna waɗanda ke bisa da matan da suka raka su, hannunsa ya tashi a hankali ya nufi kunci.

Safi ta fito daga ƙyallen, ta tako har gabansa, ta kama hannun ta ɗora a kafaɗar Ladi, ta danna.

"Nan za shi zamna."

Hoton ya fito a karkace. An yanke kan rumbu, wata akuya ta sa baki ta gefe, Ladi ta motsa har ta yi hannu uku. Illa ya ce a Abijan da an yaga shi. Safi ta ce nan Tawa ne. Ta buga ƙusa da taɓarya, ta rataye shi inda duk mai shigowa zai gani, kuma can ya zauna har ya yi ja, har jikoki suna tambaya wane ne wannan saurayin. Illa ya ci gaba da aiki gindin dogon yaro har idonsa ya daina rarrabe fuska a cikin ƙyalle. Teku kuwa bai sake ganinta ba, bai kuma taɓa cewa yana kewarta ba.